WAƘAR DA AKA BINNE

Shafi na 9

Na Halimatu Sani Mando

Assalamu alaikum. Ku yi min afuwa da jinkiri, na yi ta gogewa ina sake rubuta shafin nan, labarina na farko ne. Masu tambaya wai akwai kaset a Kaduna a 1978, akwai shi, sai da na tambayi manya. Waɗanda suka shigo yau kuma, Zuwaira ita ce autar makaɗi Shu'aibu Na-Katabu. Ta dawo hutu daga kwalejin horon malamai, saukarta ke nan a tashar Kawo.

*

Ba ta san lokacin da akwatin ya suɓuce daga hannunta ba.

Muryar Baba ce.

Daga wata lasifika da aka rataye a jikin rumfar kwano take fita, kukuma na bin ta a hankali, har bakin titin Zariya ana ji.

"Kura ta je Makka ta dawo,
Haƙorin gwal ne ya ƙaru,
Hali na nan inda yake,
Jama'a ku ɗaure awaki."

Direbobi sun yi cincirindo suna ƙyaƙyata dariya, wani har da buga cinya. Ita kuwa Zuwaira ta tsaya cak. Wannan waƙar tun bara Baba ya ce an binne ta. Bai faɗi dalili ba. Cewa kawai ya yi ko a wajen wanke-wanke kada ya ji wani ya ɗauko ta a gidansa.

Ta kutsa cikin mutanen.

Balarabe ne zaune a rumfar, maƙwabcinsu na Unguwar Kanawa, wanda katanga ɗaya ta raba su. A da gyaran rediyo yake yi. Yanzu ga rikoda biyu a gabansa an haɗa su da waya, ɗaya na faɗa ɗaya na ɗauka. Gefe kuma tulin kaset ne, babu hoto babu kwali, sai rubutun biro.

"Kashe."

Ya ɗago.

"A'a! 'Yar boko! Saukar yaushe? Babu ko gaisuwa?"

"Kawu Balarabe, don girman Allah ka kashe abin nan."

"In kashe kasuwa? Ke kin ga yadda take tafiya kuwa? Tun safe hannuna bai huta ba."

"Wa ya ba ka izini?"

"Izinin me?"

"Muryar Baba ce kake sayarwa!"

Ya rage ƙarar kaɗan, ya gyara zaman hularsa.

"To, Malama, je ki leƙa maƙogwaronsa. In kin tarar ta ragu, dawo in cika masa."

Direbobin suka sake kwashewa da dariya.

"Sata ce," ta ce.

"Sata ita ce a ɗauki abu mai shi ya nema ya rasa. Haka aka koya mana a makarantar allo. Ko a taku an canza?"

"Shi ya yi gumi, kai kana ci. In ba sata ba, mece ce?"

"Gumi? Bari in ba ki labarin masu cin gumi. Faifan garmahon da kamfanin Ikko ya buga masa shekarun baya, me suka ba shi? Agogon hannu da kwalbar lemo. Ni na raka shi tashar jirgi, na sani. Faifan ya fito, wa ke iya saye? Sai manyan ma'aikata na Unguwar Rimi. Kai Adamu, za ka ɗora garmaho a gaban motarka ka hau hanyar Birnin Gwari?"

"Allura ta tsone min ido?" in ji direban.

"Kin ji. Talaka na son waƙa, waƙa ta fi ƙarfinsa. Tunda aka yi ƙarin albashin Udoji kowa ya rataya rikoda a kafaɗa, me zai saka a ciki, kuka? Ni tsani ne kawai."

"Tsanin ɓarawo."

Fuskarsa ta ɗan canza.

"Kul, Zuwaira. A gabana aka yanka ragon sunanki."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta matsa ba.

"Kuma ki sani," ya ci gaba, ya rage murya, "ni har zaurenku na je. Na ce Baba Shu'aibu, zamani ya juya. Zo mu zauna a ɗaki mai shiru ka zuba waƙoƙinka. A buga hotonka a kwali, a sa tambarinka, a sayar da araha yadda ba mai waiwayar jabu. Kai da rabonka, 'yan amshinka da nasu, ni da nawa. Duk mai son kwafa ya zo ta hannunmu. Kin san abin da ya ce?"

Ta kau da kai.

"Wai shi mutane yake yi wa waƙa, ba akwati ba. Ya miƙo min goro, ya sallame ni."

"Don ya hana ka ta ƙofa, sai ka haura katanga?"

Balarabe ya dube ta. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Katanga? Ta ƙofa aka miƙo min."

"Wa?"

"Ki bar shi kawai."

"Wa ya ba ka? Cikin 'yan amshi ne?"

"Kin ji amshi a ciki? Saurara mana."

Ta saurara. Gaskiya ne. Babu amshi, babu kalangu, babu guɗar mata. Baba ne shi kaɗai da kukumarsa, kamar mai magana da kansa.

"Innarki ce," ya ce.

"Ƙarya ne!"

"Wallahi. Ita ta ɗauka da 'yar rikodarta, wadda yayanta ya kawo mata tsaraba daga Makka. Matata Hansai ta shiga ɗebo wuta ta tarar tana ji, ta ce ta ara mata ta kwana biyu. Maƙwabciya ta roƙi aro, a hana ta? Hansai ta kawo gida, ni kuma kunnena ya ji kasuwa. Waƙar da aka hana ai ita kowa ke nema."

Zuwaira ta buɗe baki ke nan, sai ta ga dariyar direbobin ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke.

Ɗaya bayan ɗaya suka zame. Adamu har ya bar hularsa a kan benci.

Wata baƙar Marsandi ce ta tsaya a bakin rumfar.

"Innalillahi," in ji Balarabe. "Ce min aka yi yana Ikko."

Ya kai hannu kan maɓalli zai kashe.

"Bar ta."

Alhaji Dauda ne, mai rabin motocin tashar. Dogo, siriri, cikin farar shadda. Bai ɗaga murya ba. Ya jingina da ƙofar mota ya harɗe hannu, ya tsaya yana ji har baitin kura ya sake zagayowa. Da aka zo wajen haƙorin gwal sai ya yi murmushi, haƙorin ya bayyana.

Ba wanda ya motsa a tashar.

"Murya na nan," ya ce da waƙar ta ƙare. "Allah ya ba shi murya. Balarabe."

"Ran... ranka ya daɗe."

"Ɗauko injinka da kaset ɗin. Za ka raka ni unguwa."

Sannan ya juyo.

"Ke ba 'yar Shu'aibu ba ce? Mai karatun?"

"Ni ce. Ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata. Ki gaishe shi. Ki ce ya sa a share zaure, bayan la'asar ina tafe da Malam Yahaya."

"To."

Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya.

"Mahaifiyarki fa, tana lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Allah sarki," ya ce a hankali. "Mace mai kirki."

*

Hadari ya fara haɗowa ta wajen Mando lokacin da ta isa gida.

A zaure ta tarar da Baba, zaune kan buzu, yana goga ƙaro a tsagiyar kukuma. Daga cikin gida ana jin sautin turmi, Inna na daka tana 'yar waƙarta.

"Autata! Shi ne ba ki aiko an tare ki ba? Ina akwatin?"

Sai a lokacin ta tuna ta baro shi a tasha.

Ta durƙusa.

"Baba, ana sayar da waƙar kura a Kawo. A kaset."

Hannunsa ya tsaya.

"Wace kura?"

"Baba."

"An binne ta."

"Na ji ta da kunnena. Alhaji Dauda ma ya ji. Ya ce a share zaure, yana tafe da Malam Yahaya bayan la'asar."

Ya ajiye ƙaron a hankali, kamar ƙwai ne. Ya dubi ƙofar cikin gida. Ya dawo da idonsa kanta.

"Matso."

Ta matsa.

"Abin da zan faɗa miki, uwarki ba ta sani ba. Yayyenki ba su sani ba. In ya fita daga bakinki ban yafe ba."

"To, Baba."

"Waƙar nan zambo ce, kin sani. Dauda ya ci amanar wani direba abokina, zuciya ta ɗebe ni na yi ta. Ban ambaci suna ba, amma duk Kaduna wa bai gane ba? Yara suka riƙa bin motarsa suna kukan kura. Sai ya rufe min hanya. Babu motar da ke ɗaukata ni da jama'ata, ko biki a Rigachikun sai dai mu taka. Aka tare mai kalanguna aka karya masa yatsu. Manya suka shiga tsakani, aka kai mu gaban Malam Yahaya, cikin azumin bara."

"Sai aka yi sulhu."

"Aka ce in binne ta. Na ce na binne. Aka ɗauko Alƙur'ani, sai Dauda ya ce a mayar. Wai maroƙi rantsuwa abincinsa ce, in rantse da abin da zan ji zafinsa."

Turmin cikin gida ya ci gaba. Dum. Dum.

"Da me ka rantse, Baba?"

Ya sake ɗaukar ƙaron.

"Baba, da me?"

"Da auren uwarki."

Zuwaira ta dafe ƙasa.

"Na ce in na sake rera ta, a fili ko a ɓoye, da jama'a ko ni kaɗai, Turai ta saku. Malam ya ce in janye, ba a wasa da wannan. Idon mutane na kaina. Na maimaita."

"Ai... ai ana mayarwa, Baba. Ko da sakin ya faɗa, ai ana kome."

Ya girgiza kai.

"Ina da ƙuruciya ina da zafin kai. Igiya biyu sun tafi tun ba a haife ki ba. Igiya ɗaya ce ta riƙe gidan nan, Zuwaira. Ita na ɗora."

Iska ta turo ƙofar zauren ta buga da bango.

"Amma kwantar da hankalinki," ya ce da sauri, kamar kansa yake lallashi. "Tsohuwar ɗauka ce. Sau nawa na yi ta a gidan biki kafin azumi? Wani ɗan iska ne ya ɓoye akwati a ƙarƙashin riga. Abin da na yi kafin rantsuwa ba ya cikin rantsuwa. Malam ya sani."

"Babu amshi a ciki, Baba."

"Me?"

"Babu kalangu. Kai kaɗai ne."

Ya zuba mata ido.

"Kawu Balarabe ya ce Inna ce ta ɗauka. Da rikodar da yayanta ya kawo mata daga Makka."

Ta ga lissafin na tafiya a fuskarsa, wanda ita ma ta gama yi. Rantsuwa cikin azumi. Alhazai kuwa sai bayan Babbar Sallah suke dawowa. Ranar da ya rantse, rikodar nan ko ƙasar ba ta shigo ba.

"Baba... ka sake rera ta?"

Ya kawar da fuska.

"Baba?"

"Waƙa ba ta mutuwa a cikin mai ita," ya ce da ƙyar. "Ke ba za ki gane ba. Ƙaiƙayi take yi. Rana ɗaya ce. Na rufe ƙofa, na rufe taga. Na ɗauka daga ni sai bango."

"Bari in shiga in faɗa wa Inna."

"Ki ce mata me?"

"Ta ce... ta ce ba ita ba ce. Ta ce tsintar kaset ɗin ta yi."

"Turai? Ta yi ƙarya a gaban Malam? Uwarki ko kaza ce ta sha mata gari sai ta faɗi launin kazar."

"To ka faɗa mata gaskiya, ta san abin da ke tafe!"

Ya yunƙura zai tashi. Ya kai hannu ga bango.

Sai ƙarar mota a ƙofar gida.

Ko kiran la'asar ba a yi ba.

*

"Na ga hadari ne," in ji Alhaji Dauda yana cire takalmi, "na ce gara mu yi sammako, kada ruwa ya hana alheri."

Malam Yahaya ya shigo bayansa, tsoho mai farin gemu, yana dogara sanda. Daga ganin fuskarsa ba da son ransa ya zo ba. Balarabe na ƙarshe, rungume da rikoda kamar mai ɗauke da gawa.

Aka gaisa. Zuwaira ta miƙe za ta shige ciki.

"'Yata, zauna," in ji Alhaji.

"Ruwa zan kawo muku."

"Mun sha. Zauna nan inda nake ganinki."

Ta dubi Baba. Baba ƙasa yake kallo. Ta koma lungu ta rakuɓe.

"Kunna," in ji Malam.

Balarabe ya danna. Muryar ta cika zauren, mai ita na zaune bakinsa a rufe. Baiti ɗaya Malam ya bari, ya ɗaga hannu aka kashe.

"Shu'aibu, muryarka ce?"

"Tawa ce, Allah gafarta Malam."

"Kai ka ba da ita a sayar?"

"Ban bayar ba. Ban ma san da ita ba sai yau."

Malam ya juya ga Balarabe.

"Kai kuma, da wane haƙƙi?"

"Allah gafarta Malam, kowa ma yi yake. A babbar kasuwa layi guda ne. Babu dokar da..."

"Ban tambaye ka dokar gwamnati ba. In iska ta kwantar da geron maƙwabcinka ya leƙo gonarka, naka ne?"

"A'a."

"To murya ma shuka ce. Mai ita ya san wadda zai kai kasuwa, ya san wadda zai rufe a rumbu. Da ka tako nan ka ce Shu'aibu ga abin da ya faɗo hannuna, in sayar ko in bari, da yau kana rumfarka. Tambaya ɗaya ka ƙi yi."

"Na tuba. Wallahi zan goge duk wanda ya rage."

"Waɗanda suka tafi fa?" in ji Alhaji Dauda.

Balarabe ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe... kaset haihuwa yake. Duk wanda ya saya sai ya kwafa wa wani. Direbobin Kano sun ɗauka. Na Funtuwa ma. Jiya wani ya ce ya ji ta a Jos."

"A Jos," Alhaji ya maimaita, yana gyaɗa kai. "Da iyakarta Kaduna. Na yi haƙuri, na karɓi sulhu, sai ga ta a Jos. Malam, ni ban zo faɗa ba. Ban zo da kowa ba, ka gani. Alkawari aka yi a gabanka. Shi na zo gani."

"Dauda, saurara," in ji Malam. "Akwati ba mutum ba ne, ba ya karya rantsuwa. Ko duniya duka ta kunna, in kafin rantsuwar aka ɗauka, Shu'aibu ba shi da laifi, mai sayarwa ne da kaya. In kuwa bayanta ne..."

Bai ƙarasa ba.

"Shu'aibu, yaushe aka ɗauki wannan?"

"Na yi ta a wurare da yawa, Malam. Kafin azumi. Gidajen biki..."

"Wane biki ne babu guɗa?" in ji Alhaji, cikin taushi. "Wane biki ne makaɗi ke rage murya kamar mai tsoron a ji shi?"

Ya juya ga Balarabe.

"Balarabe, a ina ka samo?"

Balarabe ya dubi Zuwaira. Ta girgiza masa kai, hawaye na zuba. Ya kasa gane me take nufi, shi bai san da wata rantsuwa ba.

"Wajen iyalina," ya ce. "Ita kuma aro ta karɓa. A nan gidan."

"Wajen wa?"

"Wajen Inna Turai."

Malam ya rufe ido.

"A kira ta," in ji Alhaji.

"Ni zan kira ta!" Zuwaira ta zabura.

"Cikin gidan ba shi da nisa, 'yata. Mijinta ya kira ta daga nan."

"Dauda," in ji Malam, "ka ji tsoron Allah. Kai ma kana da iyali. Ka yafe mana a tashi."

"Ko na yafe, Malam, nawa ne? Ka ce min in magana ta riga ta faɗa, yafiyata na ɗaga ta?"

 Malam ya juya sandarsa a hannu.

"Ba ta ɗagawa," ya ce daga baya. "Tunda ya zo kunnena, dole in sani. Kira ta, Shu'aibu."

Tsawa ta yi gurnani can nesa. Turmin ya yi shiru.

"Turai."

Muryar da ke cika filin biki ba lasifika, yau ko tsakar gida ba ta kai ba. Sai da ya sake.

"Turai!"

"Na'am, Maigida!"

Takun silifas. Ta tsaya bayan asabarin ƙofa, ana hango ƙafafunta, gari ya yi musu fari.

"Baƙi muka yi? Au, Allah gafarta Malam, ina wuni. Wai muryar Auta nake ji? Ja'ira, kin dawo shi ne kika maƙale a zaure, ni ina can ina daka miki fura?"

"Inna..."

"Zuwaira," in ji Malam, "ba ke aka tambaya ba. Turai, tambaya ce 'yar ƙarama. Akwai kaset na waƙar maigidanki da kika ba Hansai aro?"

"Wai shi ne? Ai kuwa na ba ta. Kwana biyu ta ce, yau wata nawa. Kullum sai ta ce gobe. Ko ɓata ya yi?"

"Bai ɓata ba. Mijinta ya kwafa yana sayarwa a tasha."

"Sayarwa? Balarabe! Kana nan ashe? Amma ka ba ni kunya. Abin da na ɓoye a ƙasan adaka, shi kansa Maigida bai sani ba? Maigida, don Allah ka yafe min. Wallahi ba da wata manufa ba ce. Duk waƙoƙinka ita na fi so, kiɗanta ne ke shiga raina. Da ka daina yin ta kewa ta dame ni, na kuma kasa tambayarka."

Baba ya dafe kansa da hannu biyu.

"Ke kika ɗauka?" in ji Malam.

"Da hannuna. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ina shara na ji ya fara ta ƙasa-ƙasa. Na ce yau Allah ya kama ka. Na lallaɓa na ajiye rikodar a gindin ƙofa, inda katakon ya tsage." Ta yi 'yar dariya. "Har numfashi na riƙe."

"Inna, kin manta ne!" Zuwaira ta fashe. "Ai tun da daɗewa ne, tun kafin..."

"Ke, ina manya na magana? Me na manta? Tsufan bai kai nan ba."

"Yaushe ne, Turai?" Muryar Malam ta yi ƙasa sosai. "Yi tunani da kyau. Kada ki yi sauri. Kafin azumin bara, ko bayansa?"

Ɗigon ruwa na farko ya bugi kwanon zauren.

"Wannan ai ba ya son tunani, Allah gafarta Malam. Kafin azumi ina na ga rikoda? Tsarabar Makka ce fa. Yaya ya dawo bayan Babbar Sallah da sati biyu ko uku, ya kawo min ita da ɗankwali. Kaset ɗin farko ke nan da na taɓa ɗauka a rayuwata."

Balarabe ya dubi wannan, ya dubi wancan.

Alhaji Dauda ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

Zuwaira ta cusa mayafi a baki.

"Maigida?"

Ƙafafun suka matso jikin asabarin.

"Na ce ka yafe min. Ni na ba da aro, ni ce da laifi, gobe da kaina zan bi rumfar in karɓo abina. Auta, kukan me kike yi? Wai me ya sa kowa ya yi shiru?"

Malam Yahaya ya ajiye sandarsa a ƙasa.

"Shu'aibu," ya ce. "Kai za ka faɗa mata, ko ni?"